Kwalbar Dakta Mannir

Ranar da Dakta Mannir ya kwashe magungunan asibiti, matarsa Maijidda tana tsaye da tiren karin kumallo a hannu. Ya tattara ƙwayoyin daga saman firij, ya buɗe ciki ya ɗauko allurar, ya zuba duka a baƙar leda ya ƙulle, ya ajiye kusa da makullin motarsa don kada ya manta. A gurbinsu ya dire wata kwalba mai ruwan ƙasa, babu ko suna a jikinta.

"Daga yau wannan za ki riƙa sha. Safe da yamma."

"To na likita fa, Dakta?"

"Likita ya fi ni sanin suga ne? Shi rubuta ƙwaya aka koya masa. Ni kuwa jinin da kansa nake karanta."

Ta ajiye tiren ta zuba masa shayi.

Mannir malami ne a jami'a, a sashen kimiyyar halittu. Daktan karatu ne, bai taɓa duba majinyaci ba, marasa lafiyarsa duk fararen ɓeraye ne a cikin keji. Ya daɗe yana dafa sassaƙen maɗaci da garafuni, yana tacewa, yana ɗura wa ɓerayen nan, yana cewa ya gano maganin ciwon suga. Masu mujallun kimiyya suka ce ɓera ɓera ne, su mutum suke son gani. Kwamitin da ke ba da izinin gwaji a kan mutane kuma ya dawo masa da takardunsa, ya ce ya fara nuna cewa abin ba ya cutarwa. Mannir ya ce 'yan baƙin ciki ne, ba sa son ya zama farfesa. Da ya waiwaya ya duba, sai ya ga ashe yana da mai suga a gidansa na unguwar Damba a Gusau, kuma babu kwamiti a tsakaninsa da ita.

Kowace safiya kafin ta sa komai a baki, zai kama yatsanta ya tsira masa allura, ya ɗiga jinin a 'yar na'urar awo, ya juya fuskar na'urar wajensa. In lambar ta yi masa daɗi sai ya gyaɗa kai. In ba ta yi ba sai ya ja tsaki ya ce na'urar ce ta yi sanyi, ya kama wani yatsan. Wata rana sai ya bi yatsun hannu ɗaya kaf, ya zaɓi lambar da ta fi ƙanƙanta. Da lambobin suka ƙi saukowa gaba ɗaya, ya hana ta cin tuwon dare, ya kuma ce ta riƙa zagaya tsakar gida har ta yi gumi kafin a auna. Maijidda ta riƙa zagayawa daga bakin rijiya zuwa ƙofar kicin, cikinta yana kuka, shi kuma yana zaune a kujerar roba yana duba agogo.

Bayan awo sai ya ɗaga waya ya kunna kyamara.

"Gyara mayafinki. Yawwa. Maijidda, ya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi."

Yo me za ta ce? Tunda take ba ta taɓa jin mahaluƙin da aka yi wa wannan tambaya ya ba da wata amsa ba. Mahaifinta ma a Tsafe, ranar da zai cika, da sauƙi ya ce wa masu dubiya. Mannir haifaffen Bungudu ne, ya san wannan sarai. Amma Turawan da za su kalli hoton ba su sani ba, kuma don su ake yi.

Ƙishi ne ya fara zuwa. Ta sha ruwa har cikinta ya yi ƙulu-ƙulu, bakinta yana nan a bushe kamar ta ci garin kwaki. Hanyar banɗaki ta zama hanyarta. Rigunanta suka fara yi mata yawa, ita da take ɗinka wa matan unguwa kaya, ta koma rage nata. Da ta gaya masa, ya ce alama ce mai kyau, maganin ne yake wanke jini.

Keken ɗinkinta na ƙafa ne, tun na aurenta. Wata la'asar tana cikin ɗinka rigar maƙwabciyarta Ma'u, ta ga keken yana gudu amma ba ta jin ƙarfen a ƙarƙashin tafin ƙafarta. Ta tsaya ta leƙa. Ƙafar tana nan a inda ta saba, tana aikinta, sai dai kamar ta wani ce aka ara mata. Ta mintsini babban yatsa, ba ta ji komai ba. Ta ci gaba da ɗinki, don an ce gobe za a zo karɓa.

Ba ta san ranar da ta taka garwashin ba. Ta dai ga wani ɗan jan tabo yana bin ta a kan tayil, daga kicin zuwa falo, ta goge, ta juyo ta ga wani sabo. Sai da ta zauna ta juya ƙafar dama ta ga rami a ƙarƙashin yatsu, gefensa ya yi fari. Ta kai masa ya gani. Ya sa gilashi ya duba daga nesa, ya ce ta riƙa wankewa da ruwan gishiri.

"Dakta, ko in je asibiti su duba?"

"Su duba su mayar da ke kan allura, aikin da na yi duk ya tashi a banza? Ki ɗan ƙara haƙuri. An kusa gamawa."

Ran Asabar ya ɗauke ta zuwa Bungudu gaishe da mahaifiyarsa, Hajiya Saude. A bayan mota kwalabe suna ta karo da juna cikin kwali. Da suka isa ta tarar da tsofaffi zaune a zauren gidan, maza a tabarma, mata daga ciki, duk masu suga ne na unguwar da ya raba wa magani kyauta. Ta tagar ɗakin Hajiya tana jin sa yana bin su ɗaya bayan ɗaya da waya.

"Baba, ya jiki?"

"Da sauƙi, Dakta. Allah shi yi albarka."

Wani tsoho da aka riƙo hannunsa saboda ganinsa ya tafi, shi ma da sauƙi ya ce, har da ɗaga hannu. Mannir ya tambaya ina Malam Gambo mai goro. Aka ce ai an yi jana'izarsa shekaranjiya, suma ya yi bai farfaɗo ba. Mannir ya yi addu'a, ya shafa, ya ce zazzaɓin nan na bana ba ya raga wa tsofaffi. Bai sake ambatonsa ba, ya wuce na gaba.

Hajiya Saude ta ga tsumman da ke ɗaure a ƙafar surukarta, ta kuma ga yadda take jan ta.

"Ke ɗiyar nan, mi nike ji? An ce asibiti kike son tahiya."

"Ƙafar ce, Hajiya. Ta ƙi warkewa."

"To mijinki mi ne? Duk Bungudun nan wa bai san Dakta ba? Ki kwashi ƙahwa ki kai ma wani ƙato shi duba, a ce mi? A ce maganin nashi ko a gidanai bai yi ba? Mu da munka yi zamani ba mu san wani suga ba, sassaƙe munka sha munka tashi. Ki rufa mai asiri, Allah shi rufa naki."

Ta ɗauko man shanu a gwangwani ta ba ta, ta ce ta riƙa shafawa. Maijidda ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya.

Wari ya fara bayan nan. Da farko ita kaɗai take ji in ta kwance tsumman. Daga baya ya fito falo. Ta riƙa kunna turaren wuta tun safe, har Ma'u ta yi mata tsiya cewa ko amarci aka koma. Ta yi dariya daidai gwargwado. Yatsu biyu sun yi baƙi kamar an tsoma su a toka, kumburi ya haye idon sawu. Ta mayar wa mata yadukansu ta ce idonta ne ba ya gani sosai, wanda kuma gaskiya ne, don zare ya daina shiga allura. Ta lulluɓe keken da tsohon zani. Mannir ya koma kwana a ɗakin karatunsa, ya ce aiki ya yi masa yawa. Awon safe dai bai fasa ba, sai dai yanzu a bakin ƙofa yake tsayawa ta miƙo hannu.

Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne ba ta jin haushi. Ta nemi haushin a ranta ta rasa. Tsoro ma da ya zo kwana biyu ya tafi. Takan zauna a bakin gado ta zuba wa ƙafar ido kamar mai gadin kayan wani, har a kira sallah.

Wata Lahadi abokin aikinsa Dakta Mas'udu ya zo cin abinci. Ta kawo musu shinkafa da miyar kaji tana dafa bango. Kwamfuta tana buɗe a kan tebur, suna kallon wani zane mai layi da ya gangaro ƙasa sumul.

"Mannir, wannan ya yi kyau da yawa," in ji Mas'udu. "Mutum ba ɓera ba ne. Ko ɗaya babu wanda nasa ya hau?"

"Waɗanda nasu ya hau ba su bi ƙa'ida ba. Na fitar da su."

"Izinin kwamiti fa? Mujalla za ta tambaya."

"Lamba kawai suke so a rubuta. Wa zai taso daga Turai ya zo Gusau ya duba? Kai ma ka sani, duk wanda ya hau kujerar farfesa a sashenmu da haka ya hau. In muka tsaya jiran kayan aiki da izini, sai mu yi ritaya muna jira." Ya tura masa kwanon nama. "Na sa sunanka na biyu."

Mas'udu ya dubi kwanon. Ya ɗago ya ga Maijidda tana tsiyaya ruwa, ya kalli ƙafar da ke cikin safa mai kauri a wannan zafi, hancinsa ya ɗan motsa.

"Madam, ba kya jin daɗi ne?"

"Ɗan ciwo ne a ƙafa."

"Ayya. Allah ya sawwaƙe."

Ya ja kwanon gabansa ya zaɓi cinya.

Yayanta Sabiru direba ne, yana jigila tsakanin Tsafe da Gusau. Ya biyo wata rana da tsakar rana ya kawo mata gyaɗa da ɗanyar kuɓewa. Tun daga ƙofar falo ya tsaya.

"Maijidda, wanga wari hwa?"

Ta ce babu komai. Ya ce ta kwance. Da ta kwance ya juya baya ya dafa ƙofa, ya yi salati.

"Tashi mu tahi. Yanzun nan. Ɗauko mayahi."

Tana laluben mayafin motar Mannir ta shigo. Ya gaishe da surukinsa da fara'a, ya ja shi waje gindin dalbejiya. Tana jiyo su ta taga. Mannir bai ɗaga murya ba ko kaɗan. Ya ce ciwo in zai warke sai ya fara muni, wannan kowane masani ya sani. Ya ce saura ƙiris a kammala, da kansa zai kai ta wajen babban likita in an gama. Sannan ya tambaye shi ko Sadiya ta gaya masa cewa a hannunsa aikinta na shekarar ƙarshe yake. Sadiya 'yar Sabiru ce ta fari, ita kaɗai ce ta kai jami'a a gidansu.

"Yarinya ce mai ƙoƙari," in ji Mannir. "Ina sa ido a kanta sosai."

Sabiru ya dawo falo yana murza hularsa a hannu. Bai kalli ƙafar ba.

"To, ƙanwata. Shi ya san abin da mu ba mu sani ba. Ki daure. In sha Allahu zan leƙo."

"Ka gaishe da su Goggo," ta ce.

Ya fita ya bar gyaɗar a kan kujera. Ta ji ƙarar motarsa ta daɗe tana aiki a ƙofar gida kafin ta ja.

Ana haka aka gayyaci Mannir wani taron masana a kudu. Ya sa aka goge masa kwat, ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗauki hoto na ƙarshe. Sai da ya ce ta shafa hoda ta sa kwalli, ya kuma matso da wayar kusa don fuska kaɗai ta fito. Zazzaɓi yana kaɗa ta, haƙoranta suna haɗuwa, sai da aka maimaita kafin maganar ta fito yadda yake so. Ya bar mata sabuwar kwalba ya ce kada ta yi wasa da sha.

Washegari da hantsi Ma'u ta shigo aron turmi, ta yi sallama shiru. Ta sami Maijidda kwance a ƙofar banɗaki, ido a buɗe amma ba ta gane kowa. Ma'u ta kwarma ihu, ta lalubo lambar Sabiru a wayar Maijidda. Wannan karon babu mai gida da za a nemi izininsa. Sabiru ya sauke fasinjojinsa a hanya ya zo ya ɗauke ta kamar buhun da babu komai a ciki.

Ta farka a babban asibiti, da ƙarin ruwa a hannu, da wata likita gajera mai gilashi a kanta.

"Hajiya, katinki ya nuna muna ba ki allura. Wa ya ce ki daina?"

Maijidda ta buɗe baki. Kafin ta haɗa kalma ta ji ƙamshin turaren Mannir, ya shigo da kwat ɗinsa da jakar tafiya, daga tasha ko gida bai biya ba. Ya gabatar da kansa da Turanci, ya faɗi sunan sashensa, suka yi 'yar magana da likitar. Sannan ya juyo da Hausa don Sabiru da ke tsaye ya ji.

"Likita, fama nake yi da ita. Ba ta jin magana. In na fita sai dabino da lemon kwalba. Allurar ma cewa ta yi ta gaji da ita. Kin san matanmu."

Rabon Maijidda da dabino tun azumin da aka gano ciwon. Ta kalli Sabiru. Sabiru yana kallon takalminsa. Likitar ta dube ta tana jira, ta ɗan jima tana jira ma, Allah ya saka mata. Maijidda ta mayar da idonta kan fankar sama da ba ta juyawa. Ta ji maganar tana nan a ƙirjinta, amma nisa tsakanin ƙirji da baki ya yi mata yawa.

Likitar ta ce ruɓar ta wuce idon sawu, in ba a yanke ba za ta shiga jini. Wata ma'aikaciyar jinya ta zo ta zauna a gefen gadon, ta yi mata bayani dalla-dalla da Hausa, abin da za a yi, da inda za a yanke, da abin da zai iya biyowa baya. Ta ce tana da damar ta ƙi.

"Kin gane, Hajiya? Kin yarda?"

Maijidda ta daɗe tana kallonta. Tunda aka fara wannan al'amari, yau ne karon farko da wani ya tambaye ta ko ta yarda. Ta ce ta yarda, ta dangwala yatsa.

Aka yanke daga ƙasan gwiwa.

Masu dubiya suka yi ta zuwa da kwanonin abinci. Hajiya Saude ta zo daga Bungudu ta ce ƙaddara ce, ta kuma gode wa Allah da ya ba Maijidda miji mai tsayawa a kanta, don wani da tuni ya gudu. Dakta Mas'udu ya aiko matarsa da lemo da ayaba. Labarin dabino kuwa ya riga ta isa Tsafe.

Ranar da aka sallame ta, a mota, Mannir ya rage rediyo.

"Na cire ki daga binciken. Wanda bai kai ƙarshe ba, ba a lissafa shi. Haka dokar take."

Ta kalli masu sayar da rake a bakin titi.

"Hotunan fa?"

"Hotunan suna nan. Ai lokacin da aka ɗauka kina da sauƙi, ke da bakinki kika faɗa. A taron nan har tafi aka yi." Ya kauce wa wani mai babur. "Kuma ki san abin da za ki riƙa faɗa wa mutane. In wannan aiki ya lalace, ba ni kaɗai zan faɗi ba. Gidan nan ne gaba ɗaya."

Ya tsaya a kantin magani ya sayo mata allurar da kansa, ya sa a firij inda take da.

Mujallar ta buga aikin. An rubuta cewa duk waɗanda suka sha maganin sun samu sauƙi, kuma ba a ga wata illa ba. Bayan damina aka ba shi farfesa.

Aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka yanka sa, aka kawo lasifika. Tun da safe Hajiya Saude ta shigo ɗakin ta sa aka yi wa Maijidda kwalliya, aka zaunar da ita a tsakiyar gado, aka baza mata leshi mai nauyi daga ƙugu har ƙasa. Sandunan da take dogarawa kuwa Hajiya ta ce a kai su sito.

"Baƙi za su shigo gaisuwa. Ba a son abin da zai tsaya ma mutane a rai suna cin abinci. In kina son wani abu ki yi kira."

Mata suka yi ta shigowa rukuni-rukuni, suna cewa matar farfesa, an sha biki. Tana amsawa. Daga waje ana ta jawabi, wani yana cewa ɗan Zamfara ya gano abin da ya gagari Turawa, kuma da itacen dajinmu.

Can bayan azahar ɗakin ya ɗan yi sarari, sai ga Goggo Hafsatu. Ƙanwar mahaifinta ce, ita ta goye ta bayan rasuwar mahaifiyarta, ita ta kai ta ɗakin miji. Ta tsufa, ta rame, tana tafe tana haki. Ita ma shekarun nan suga ya kama ta. Ta zauna a bakin gado ta kama hannun Maijidda tana murzawa, tana sa albarka. Sannan ta buɗe jakarta tana murmushi kamar yarinyar da aka yi wa kayan sallah.

"Kin ga abin da mijinki ya ba ni? Kyauta, ko sisi bai amsa ba. Ya ce in aje na asibiti, wanga ya ishe ni. Ni dama na gaji da layin nan nasu."

Kwalba ce mai ruwan ƙasa. Yanzu an manna mata takarda mai hoton ganye.

Wani abu ya motsa a ƙirjin Maijidda, abin da ta ɗauka ya mutu tuntuni. Tsoro ne, tsantsarsa. Ta kama bakin leshin ta yaye shi gefe. Dungulmin yana nan naɗe da bandeji, gajere, a kan zanin gado mai fure.

"Goggo, duba. Ki duba da kyau. Wannan kwalbar na sha. Ban ci dabino ba, wallahi ban ci ba. Shi ya kwashe mini allura ya ba ni wannan. Kada ki sha, Goggo. Don girman Allah kada ki sha."

Goggo Hafsatu ta kalli dungulmin, idonta ya kawo ruwa. Ta waiga ƙofa da sauri, ta jawo leshin ta rufe, ta gyara gefensa da kyau yadda take gyara mata zani tana ƙarama.

"Yi shiru, ɗiyata, gida cike da mutane. Ciwo ne ka sa ki wanga magana, na sani. Ai ya yi mani bayani, ya ce ke ba ki kiyaye ba. Ni kuwa zan kiyaye. Mutumin da gwamnati ta ba farfesa, kuma surukina, shi cuce ni?"

"Ba ni kwalbar, Goggo."

"Ke dai ki huta."

Maijidda ta miƙa hannu ta kai wa jakar cafka. Goggo ta miƙe tsaye ta ɗan ja da baya, kaɗan kawai, daidai inda hannu ba ya kaiwa. Maijidda ta yunƙura za ta bi ta, jikinta ya tafi gefen da babu ƙafa, ta dafe katifa da ƙyar. Ta duba jikin bango inda sandunanta suke zama, babu komai.

"Bari in je kar motar Tsahe ta tahi ta bar ni," in ji Goggo. Ta zuge jakar ta rataya. A bakin ƙofa ta juyo. "Af, na manta ban tambaye shi ba. Kahin abinci aka sha ko bayan abinci?"

Maijidda ta ƙwala kiran Sabiru, ta kira Ma'u, ta kira duk sunan da ya zo bakinta. A waje an ba sabon farfesa lasifika, ana ta tafi, babu wanda ya ji. Goggo ta jira amsa kaɗan, da ta ga ba za ta samu ba ta ce ba komai, za ta tambaye shi a hanyar fita, ta saki labule.